Yadda za ka hana map zuƙe maka caji ba tare da ka kashe lokeshan gaba ɗaya ba

Masu aikin Bolt da inDrive, da masu kai saƙo a mashin, da duk wanda ya taɓa shiga garin da bai sani ba yana neman gidan biki ko asibiti da Google Maps, sun san yadda abin yake: ka fito da waya cike taf da safe, kafin azahar ta koma kashi 30, bayanta kuma ya ɗau zafi har ba ka son riƙe ta. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce wai ka kashe lokeshan kawai ka huta, ni kuma gaskiya ban goyi bayan wannan ba, don ranar da aka zare maka waya a kasuwa ko ka manta ta a cikin adaidaita, lokeshan ɗin nan da ka kashe shi ne zai nuna maka inda take ta Find My Device, wanda yanzu Google ta sauya wa suna zuwa Find Hub, ko Find My idan iPhone ce. Sannan ma ba shi ne babban mai shan cajin ba.

Bari in ɗan yi bayanin wannan kafin mu taɓa setin, don in ka gane shi sauran duk za su zo maka da sauƙi. GPS, wato tsarin da waya ke gano inda take da shi, sauraro kawai yake yi. Wayarka ba ta aika komai zuwa sama, taurarin ɗan'adam ne da ke nisan kusan kilomita 20,000 suke ta watso sigina, ita kuma ta kama na aƙalla guda huɗu ta lissafa inda take, kuma wayoyin yanzu ba na Amurka kaɗai suke saurare ba, har da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Wannan sauraren yana cin caji, ba a ce ba ya ci ba, amma abin da ke kashe batir lokacin da kake bin map shi ne sikirin da ke kunne da cikakken haske awa da awanni, da data da ke ta sauko da hotunan tituna, da wayar da ke ta fafutukar kama sabis a hanya, da zafin rana, sai kuma manhajojin da ke tambayar inda kake a ɓoye alhali waya tana aljihu. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Fara da duba wa yake shan cajin

Shiga Settings, ka je Battery, ka nemi Battery usage. A Tecno da Infinix da itel wani lokaci yana cikin Power Marathon ko Battery Lab, ya danganta da samfurin wayar, a Samsung kuma yana ƙarƙashin Battery ko Device care. Ka taɓa sunan Maps, za ka ga an raba lokacin gida biyu, wanda ta yi a kan sikirin da wanda ta yi tana aiki a bayan fage. Idan na bayan fagen ne ya yi yawa, misali ka buɗe ta minti ashirin amma an rubuta ta yi awa huɗu tana aiki, to matsalarka izini ce da abubuwan da ka bari a kunne. Idan kuwa na sikirin ne ya fi yawa, to ka fi mai da hankali kan maganar haske da data da za ta zo a ƙasa. A iPhone ma haka ne, Settings sai Battery, za ka ga Background Activity a ƙarƙashin sunan manhajar. Kar ka tsallake wannan matakin, minti biyu ne kawai amma shi zai hana ka ɓata lokaci a inda ba nan ciwon yake ba.

Izinin lokeshan, nan ne aikin yake

A Android ka shiga Settings, Location, sai App location permissions. Za ka tarar da jeri uku: waɗanda aka ba izini kowane lokaci wato Allowed all the time, waɗanda sai ana amfani da su, da waɗanda aka hana. Jerin farkon nan shi za ka zuba wa ido sosai, kuma kar ka yi mamaki in ka ga manhajar yanayi, da ta saye da sayarwa, da wani gem da yaro ya sauke tun bara duk suna zaune a ciki. Duk wadda ba ka da ƙwaƙƙwaran dalilin barin ta, taɓa ta ka mayar da ita Allow only while using the app. Wannan zaɓin tun Android 10 aka kawo shi a 2019, Android 11 ta ƙara na sau ɗaya tak, wanda da ka rufe manhajar izinin ya tafi, Android 12 kuma ta zo da maɓallin Use precise location, wanda in ka kashe shi manhajar za ta san yankin da kake ne kawai, ba ƙofar gidanku ba.

Maɓallin nan na ƙarshe yana da amfani fiye da yadda mutane suke zato. Ɗauki manhajar lokutan sallah. Ita abin da take buƙata shi ne ta san kana Kano ne ko Zinder ko Kumasi, ba ruwanta da wane layi kake a Fagge, don lokacin magariba ba ya canjawa daga wannan unguwa zuwa waccan. Yawancinsu ma suna da wurin da za ka rubuta sunan garinku da hannu, to yi hakan ka cire mata izinin gaba ɗaya, in ka yi tafiya sai ka canja garin. Haka manhajar yanayi, haka Facebook da Instagram da TikTok, duk ba sa buƙatar ainihin inda kake tsaye. Kamara ma tana da nata, tana manna lokeshan a jikin kowane hoto in ka bar mata, shiga setin ɗinta ka kashe, ka samu sauƙin caji kuma ka rufa wa kanka asiri.

Ita kanta Google Maps fa, wane izini za a ba ta? Na lokacin amfani ya ishe ta, amma ka bar mata precise a kunne, in ba haka ba ɗigon shuɗin nan zai riƙa yawo ba za ta iya yi maka jagora ba. Mutane da yawa suna tsoron wai in suka cire all the time jagoran zai tsaya idan sikirin ya mutu, a'a ba ya tsayawa, matuƙar ka riga ka danna Start to waya tana lissafa ta a matsayin wadda ake amfani da ita ko da ka kulle sikirin ko ka shiga WhatsApp.

Masu iPhone, naku yana Settings, Privacy & Security, Location Services. Duk wadda aka rubuta Always a gabanta ka mayar da ita While Using the App, kuma ka lura da 'yar kibiyar da ke gefen suna, mai launin shanshanbale tana nufin yanzu-yanzun nan manhajar ta duba inda kake, mai ruwan toka kuma ta duba cikin awa 24 da suka wuce. Precise Location yana cikin kowace manhaja tun iOS 14.

Daga nan sai abubuwan da mu da kanmu muke kunnawa mu manta. Na farkonsu live location na WhatsApp, mai zaɓi uku, minti 15 ko awa 1 ko awa 8. Za ka tura wa ɗan'uwanka don ya same ka a tasha, hannu ya kai kan awa 8, kun haɗu cikin minti goma kun gaisa kowa ya kama gabansa, amma wayarka tana nan tana ta aika inda kake har la'asar. Zaɓi minti 15, in kuma kun haɗu ka koma cikin hirar ka danna Stop sharing. In ma abin da kake so kawai a san inda shagonka yake ne, Send your current location za ka danna, sau ɗaya yake tafiya shi ke nan. Google Maps ma tana da nata, taɓa hotonka da ke sama a dama ka shiga Location sharing ka ga ko akwai wanda ka ba har sai ka kashe da kanka. Idan iyali ne kuke amfani da shi saboda halin tsaro a hanya, wannan dalili ne mai ƙarfi kuma ban ce a kashe ba, a dai riƙa kunna shi ranar tafiya a kashe in an sauka lafiya.

A wurin hoton nan dai akwai Your Timeline, mai rubuta duk inda ka je kullum. Tun 2024 Google ta koma ajiye wannan bayanin a cikin wayar kanta, amma dai kafin a rubuta shi sai waya ta riƙa duba inda take duk yini. In ba ka taɓa buɗe shi ka duba ba, ba ka buƙatarsa, kashe shi. Sannan ka saba da danna Exit ko alamar X idan ka isa inda za ka, don in ka danna maɓallin komawa gida kawai ka jefa waya aljihu, jagoran yana nan da ransa, kana zaune a ɗaurin aure ita kuma tana ta lissafa maka hanya. Jawo sikirin daga sama ka duba, in ka ga sanarwar Maps to ba ta rufu ba. Waze, wata manhajar map ɗin, ita ma haka take, sai ka tabbatar ka tsayar da tafiyar ka rufe ta sosai.

Akwai wasu maɓallai biyu a Settings, Location, Location services, wato Wi-Fi scanning da Bluetooth scanning, su ne ke sa waya ta riƙa laluben waifai da bulutut na kusa ko da ka kashe su. Na bulutut kashe shi ba wata asara. Amma Google Location Accuracy da ke kusa da su, ni shawarata ka bar shi a kunne, saboda shi ke sa waya ta yi amfani da turakun sabis da waifai ta gano inda take da sauri, in ka kashe shi komai ya koma kan GPS zalla, a cikin ɗaki ko ƙarƙashin rufin kwanon kasuwa kuwa sai ta daɗe tana lalube ba ta samu ba, laluben nan kuma caji ne.

Sauke taswirar tun kana gida

Wannan shi ne matakin da na fi so mutane su ɗauka da muhimmanci, musamman masu doguwar tafiya. Tunda GPS ba ya buƙatar data, abin da data ke yi kawai shi ne kawo zanen titunan da labarin cunkoso, to in zanen yana cikin wayarka rabin wahalar ta ƙare. Buɗe Google Maps, taɓa hotonka, shiga Offline maps, danna Select your own map. Wani akwati zai fito a kan taswirar, sai ka sa yatsu biyu ka matse ko ka buɗa har yankin da kake so ya shiga ciki, a ƙasa za ta rubuta maka yawan megabait ɗin da zai ci, sai ka danna Download. In daga Kano za ka Abuja, akwati ɗaya ba lallai ya ɗauke duka ba, yi ɗaya daga Kano zuwa Zariya da Kaduna, ka yi na biyu daga Kaduna zuwa Abuja, ka bari gefunansu su ɗan hau juna don kar a samu giɓi a tsakiya. Mai zuwa Maiduguri ya haɗa da Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, mai tsallakawa Maraɗi ta Jibiya kuwa shi ya fi kowa buƙatar wannan, don da ka haye iyaka datar layinka ta zama wani labari.

Ga wani abu da ke tsayar da mutane a nan: Maps ta fi son saukewa da waifai, mu kuma yawancinmu data muke saye. A shafin Offline maps ɗin akwai alamar setin a sama, shiga ka canja Download preferences zuwa wanda ya haɗa da mobile network, ka jira dare ka yi da datar dare mai arha. A wurin kuma za ka iya cewa a ajiye a memori in wayarka tana da shi. Bayan ka gama, koma babban Settings na Maps ka kunna Wi-Fi only, daga nan ba za ta ƙara taɓa datarka ba, da abin da ka sauke za ta yi aiki. Sai dai ka sani, a haka hanyar mota kawai za ta nuna, babu ta ƙafa, babu labarin goslo, kuma taswirar tana da wa'adi, sai ka riƙa leƙawa kana sabunta ta. Direban da ke yawo cikin Abuja ko Legas da yamma yana buƙatar labarin goslo, shi ya bar datarsa a kunne, amma duk da haka ya sauke taswirar garin, zai rage abin da waya ke jawowa. Wanda kuma yake son mai aiki babu data kwata-kwata har da hanyar ƙafa, akwai Organic Maps da OsmAnd, duk da taswirar OpenStreetMap suke aiki, a wasu unguwannin sunayen shaguna ba su kai na Google yawa ba amma titunan suna nan.

Ka kuma cire Satellite ka koma Default. Hoton sama yana da daɗin kallo amma hotuna ne masu nauyi da ake ta saukewa duk motsin da ka yi, ka kunna shi lokacin da kake neman rufin wani gida ko gona, in ka gani ka mayar.

Sikirin

In dai kana cikin tafiya, babu abin da ya kai shi ci. Hanya mafi sauƙi ita ce ka daina kallo ka koma sauraro: danna Start, ka tabbatar alamar lasifika tana kan Unmuted, ka kulle sikirin, muryar za ta ci gaba da gaya maka inda za ka karya kwana. Daga Zariya zuwa Kaduna titi ɗaya ne miƙaƙƙe, me za ka kalla na tsawon awa guda? Sai ka kusa shiga gari, wajen shataletale da gadojin sama inda hanya ke rarrabuwa, sannan ka kunna. Ga mai mashin ma wannan ya fi aminci, iyafis a kunne ɗaya, ɗayan kunnen a bar wa titi, kuma tun 2019 Google ta saka hanyar mashin da murya mai lafazin Najeriya a cikin Maps, don haka sunayen titunan ba sa fitowa a karkace kamar da.

In dole sai sikirin ya zauna a kunne, rage hasken da hannu daidai yadda za ka iya gani, kuma in wayarka mai 90Hz ko 120Hz ce ka shiga Display ka mayar da ita 60Hz, map ba ta buƙatar wannan santsin. Maganar baƙin launi kuma, a setin Maps akwai Theme, akwai kuma Color scheme a ƙarƙashin Navigation inda za ka zaɓi Night. Wannan yana rage caji ne a wayoyi masu sikirin AMOLED, don su baƙin wuri a kashe yake ɗungurungum. In LCD ce irin ta yawancin ƙananan wayoyi, fitilar bayanta a kunne take ko fari ko baƙi, rage haske ne kawai zai yi maka amfani.

Sai sabis. Duk lokacin da ya yi rauni waya tana ƙara ƙarfin siginarta don ta kai ga turke, kamar mai kiran wani daga nesa dole ya ɗaga murya, shi ya sa a dajin da ba sabis caji ya fi saurin tafiya ko ba ka taɓa wayar ba. Mu kuma layi biyu muke sakawa, kowanne yana nasa neman. A doguwar hanya kashe layin da ba ka jiran kira a kansa, in wayarka tana kan 5G ka dawo da ita 4G tunda a wajen manyan birane ba samun sa za ta yi ba, in kuma kun shiga inda ka san babu sabis sam kuma cajinka ya yi ƙasa, sa ta a flight mode, GPS yana aiki a haka tare da taswirar da ka sauke. Ka dai tuna cirewa da kun fito, don mutanen gida su same ka.

Zafi kuwa, kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ana haura 40 a inuwa ma, balle a bayan gilashin mota. Waya a manne a gilashin gaba, rana tana dukanta, sikirin a ƙure, ga caja a jiki, dole ta yi zafi, in ta yi zafi kuma ita da kanta take rage saurin caji ko ta tsayar da shi don ta kare batir, sai ka ga tana jone amma lambar tana sauka. Nemi abin maƙale waya irin wanda ake sawa a bakin esi, ko ka saukar da ita inda rana ba ta kaiwa, ka cire mata kondon roba mai kauri in za a daɗe. Mai mashin ya sa ta a aljihun gaba da iyafis maimakon a kan kan mashin tsakar rana. Zafin nan ba cajin yau kawai yake ci ba, ƙarfin batir ɗin yake ragewa har abada, kuma in ka ga bayan waya ya fara tasowa to batir ya kumbura, daina caja ta ka kai wa mai gyara a canja.

Cajar mota ma a duba ta. Ramin USB na jikin rediyon mota sau da yawa rabin amp yake bayarwa, wajen wat 2.5 ke nan, don filashi aka yi shi ba don caji ba, ba zai iya da wayar da ke kan map ba. Sayi wadda ake sokawa a ramin laita, ka karanta jikinta ka ga an rubuta 2.4A ko 18W zuwa sama, ka haɗa ta da gajeriyar igiya mai kauri, don siririyar igiya mai arha tana zubar da wuta a hanya. Fawa bank kuma in an rubuta 10,000mAh kar ka lissafa zai cika waya mai 5,000mAh sau biyu, wani kaso yana tafiya wajen juya wutar, ka sa ran sau ɗaya da ɗan ƙari.

Direbobin Bolt da inDrive da Uber da masu kai kaya, ku naku da ɗan bambanci, kar ku bi abin da na faɗa a sama ido rufe. Manhajar aikinku tana buƙatar lokeshan a bayan fage, in kun takura ta oda ba za ta shigo ba, ko fasinja ya riƙa ganin motarku a tsaye wuri ɗaya alhali kuna tafe. Ita ku bar mata duk izinin da ta nema, ku danne alamarta ku shiga App info sai Battery ku sa ta a Unrestricted, in Samsung ce ku tabbatar ba ta cikin Sleeping apps, in Tecno ko Infinix ce ku duba kar Phone Master, mai share tarkacen waya, ya riƙa rufe ta duk lokacin da ya yi shara. Battery saver ma ku yi hattara da shi a lokacin aiki, a wasu wayoyin yana yanke lokeshan da zarar sikirin ya mutu. Inda za ku samu sauƙi shi ne sauran manhajojin da ba na aiki ba, su ku sa su a Restricted, kar ku bar map biyu suna jagora lokaci ɗaya, wato na cikin manhajar aikin da kuma Google Maps, zaɓi ɗaya, sannan in kun tsaya sallah ko cin abinci ku danna offline a manhajar, ku kife wayar a inuwa ta huce kafin ku jona ta a caji.